Sabon allo ya raba kan ɗalibaina, shin in daina kunna shi?

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta kuɗi a Zariya, ina riƙe da aji biyar mai ɗalibai 36. A farkon zangon da ya wuce mai makarantar ya sayo allon zamani irin wanda ake haɗawa da kwamfuta a taɓa shi da yatsa, wanda muke kira simat bod, aka kafa shi a ajina. Da farko kowa ya yi murna, amma yanzu ajin ya rabu biyu. Akwai yara biyar ko shida, yawancinsu maza, waɗanda suka saba da wayoyi da kwamfutar hannu a gida, su ne kullum a gaban allon, har sun fara kiran sauran 'yan ƙauye. Wata rana wata yarinya mai ƙoƙari ta fito ta kasa jan hoto zuwa inda aka ce, allon ya yi ƙarar da yake yi idan an yi kuskure, aji ya fashe da dariya. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba, ƙawarta ta ƙut da ƙut kuma ta koma zama da waɗancan. Mahaifiyarta ta zo ta same ni, ta ce kullum da safe sai yarinyar ta ce cikinta yana ciwo. Mai makaranta kuwa so yake a kunna allon a kowane darasi domin iyaye su ga inda kuɗinsu ya tafi. Ina jin kamar ni ce na jawo. In daina kunna shi ne, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika lura da yarinyar nan, domin sau da yawa yaron da ya yi shiru shi ne na ƙarshe da ido ke kaiwa kansa a aji mai hayaniya. Shawarata ita ce kada ki daina kunna allon. Idan kika kashe shi yau, yaran za su san dalili ko da ba ki faɗa ba, kuma kan yarinyar laifin zai koma, a riƙa cewa saboda ita aka hana su abin da suke so. Ga kuma mai makaranta da za ki shiga takun-saƙa da shi a kan abin da ba lallai ki yi nasara ba. Game da jin da kike yi cewa ke kika jawo, ba zan rarrashe ki da cewa babu hannunki ko kaɗan ba, tunda ke kike zaɓar wanda zai fito gaban aji. Sai dai wannan shi ne ma abin farin cikin, domin abin da yake hannunki shi kike da ikon gyarawa.

Ki tuna yadda baƙin allo yake. Faɗinsa ya kusa cin bango guda, ana iya karya alli gida huɗu a tsayar da yara huɗu su yi lissafi a lokaci ɗaya, kuma babu yaron da ke hassadar wanda aka kira, hasali ma da yawa sunkuyar da kai suke yi kada malam ya gan su. Sabon allon ya juya wannan lamari gaba ɗaya. Yana da haske da launi da motsi da sauti, don haka fita gabansa ta zama kyauta, ga shi kuma kyautar ba ta isar kowa. Tun lokacin da kamfanin SMART na birnin Calgary a Kanada ya fito da allonsa na farko a 1991, an daɗe ana ƙera waɗannan alluna ta yadda taɓawa ɗaya kawai suke ganewa a lokaci guda, kuma ko na yanzu da suke karɓar yatsu goma ko ashirin, yawancin darussan da ake shiryawa a kansu na mutum ɗaya ne, saura su yi kallo. Duk inda aka sami abin so ƙalilan, aka kuma bar rabonsa ga wanda ya riga ɗaga hannu, to yara za su jera kansu da kansu, a sami manya a sami ƙanana, ko da malama ba ta ce uffan ba.

Abin da kike gani ba a ajinki aka fara ganinsa ba. Ingila ce ƙasar da ta fi rungumar wannan allo da wuri, inda gwamnati ta zuba miliyoyin fam wajen sanya shi a makarantu a tsakanin 2003 da 2005, saboda haka a can aka fi bin diddigin abin da ya haifar. Masu bincike na Jami'ar Newcastle, wato Fay Smith da Frank Hardman da Steve Higgins, sun zauna sun kalli darussa 184 a makarantun firamare cikin shekara biyu, suka tarar cewa darasin da ake amfani da allon ya fi sauri, amma lokacin da yara ke yi suna aiki rukuni-rukuni ya ragu. Sun kuma duba rabon tambayoyi tsakanin maza da mata, suka ga maza ne suka fi samun kason hankalin malami, kuma zuwan allon bai gyara wannan ba. A 2007 wani rahoto da Gemma Moss ta jagoranta a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, kan makarantun sakandare na birnin, ya nuna cewa a wasu azuzuwan fitowar ɗalibai ɗaya bayan ɗaya domin taɓa allon tana ma rage saurin karatun aji baki ɗaya. Abin da ya fi damuna a cikin waɗannan shi ne raguwar aikin rukuni, saboda a nan ne yaro ke gano cewa na kusa da shi, wanda bai iya magana a gaban jama'a ba, ya fi shi iya raba lamba. Idan aka janye wannan dama, abin da ya rage wa yara su auna juna da shi shi ne abin da ya faru a gaban aji kawai.

Yanzu mu dubi ainihin abin da yaran nan shida suka fi sauran da shi. Sun san yadda ake danna hoto a riƙe a ja shi ba tare da ɗaga yatsa ba, sun san inda ake taɓawa a goge ko a koma baya. Wannan sabo ne da aka samo daga gida, kuma abin da yake nunawa shi ne abin da ke aljihun iyaye. Makaranta ta ɗinka wa yara kaya iri ɗaya ne domin kada a gane ɗan mai hali da ɗan mai ƙaramin ƙarfi, sai ga allo ya zo yana tona abin da yunifom ya rufe. Kalmar 'yan ƙauye da suke faɗa daga nan ta fito. Amma fifikon nasu marar tushe ne, domin duk abin da suka sani yaro mai shekara goma zai iya koyonsa a ƙasa da rabin awa idan babu idon da ke kansa. Saboda haka matakin farko shi ne ki ɗauki mako guda ko biyu, a lokacin tara ko bayan an tashi, ki riƙa kiran yara huɗu-huɗu su yi wasa da allon ba tare da darasi ko maki ko 'yan kallo ba, su rubuta sunayensu, su ja hotuna, su ɓata su gyara. Ki fara da waɗanda ba su taɓa fitowa ba, ki sa yarinyar a rukuni na biyu ko na uku, kada ta zama ta farko har a gane dominta aka shirya.

Kafin wannan ma, ki duba allon kansa, domin akwai yiwuwar ba ita ta yi kuskure ba. Idan irin mai majigi ne da ke haska hoto daga sama, da zarar majigin ya ɗan gusa sai inda yatsa ya taɓa da inda allon ya ɗauka su saɓa, sai an sake daidaita shi ta hanyar taɓa ɗigo-ɗigon da yake nunawa, aikin da bai kai minti biyu ba. Inuwar mai tsayuwa tana rufe abin da yake son taɓawa. Wasu allunan suna rikicewa idan gefen hannu ko bakin hijabi ya goge su yayin da yatsa ke aiki, kuma yaro gajere ba ya kai wa abin da aka ajiye a sama, don haka ki riƙa tara abubuwan taɓawa a rabin allon na ƙasa. Sannan ki kashe wannan ƙarar ta kuskure yau ɗin nan. An sa ta ne domin mai wasa shi kaɗai da na'urarsa, amma a gaban yara 35 ta zama shela. Haka nan agogon da ke ƙirga daƙiƙu da jadawalin da ke jera sunayen waɗanda suka fi maki, ki ajiye su sai ajin ya warke.

Ita yarinyar, ki same ta ita kaɗai, a wurin da ba za a ga kamar an kira ta ne domin laifi ba. Kada ki ce mata abin bai kai ya kawo ba, domin a wurinta ya kai. Ki faɗa mata cewa kin ga abin da ya faru, cewa dariyar ba daidai ba ce, kuma ya kamata a ce kin tsawatar tun a ranar. Babba ya amsa kuskurensa a gaban yaro yana da nauyin da ba a zato. Ban ba ki shawarar ki tsayar da aji ki sa su ba ta haƙuri a bainar jama'a ba, saboda hakan sake tsayar da ita ne a tsakiyar fili, alhali abin da take gudu ke nan. Ki yi mata alkawarin ba za ki kira ta gaban allo ba sai ta shirya, ki kuma cika alkawarin. Ki roƙi mahaifiyar ta kai ta a duba cikin nan domin a tabbatar babu wata cuta, amma ki sanar da ita cewa damuwa tana sa wa yara ciwon ciki na gaske, musamman irin wanda ke zuwa da safiyar ranar makaranta ya ɓace ranar Asabar, don haka kada a ce mata ƙarya take yi, kada kuma a bar ta ta riƙa zama a gida, domin kowace ranar da ta yi fashi tana ƙara wa komawar wuya.

Batun ƙawar tata kuwa, kada ki yi saurin ɗaukarta maciya amana. Yarinya ce da ta ga abin da ya sami ta kusa da ita ta nemi mafaka, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan kika tilasta musu zama tare ko kika yi mata faɗa, za ta ƙara nisa ne. Ki ba su wani ƙaramin aiki na bai ɗaya da ba shi da alaƙa da allon, kamar raba littattafai ko kula da kusurwar karatu, ki bar sauran ga lokaci. Watakila su dawo kamar da, watakila kuma a'a, kuma yana da kyau yarinyar ta sami wasu ƙawayen a cikin sababbin rukunan da za ki kafa.

Babban gyaran yana ga yadda ake rabon fita. Ki daina bai wa mai ɗaga hannu. Ki rubuta sunan kowane yaro a tsinke ko guntun kwali ki zuba a gwangwani, wanda aka zaro shi ne zai fito, kuma ba a mayar da sunansa sai kowa ya samu. Wani masanin ilimi ɗan Birtaniya, Dylan Wiliam, ya daɗe yana kira ga wannan hanya, kuma ya nuna cewa waɗanda suka fi jin haushinta da farko su ne masu ƙoƙarin da suka saba mamaye aji, don haka ki shirya wa ƙorafi. Sunan yarinyar ki riƙe shi a aljihu har ta ce ta shirya, babu wanda zai sani. Ki kuma ƙara jira bayan kin yi tambaya. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kawai kafin su karɓi amsa ko su wuce, kuma idan aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara magana. Allon zamani yana jan malami ga gaggawa, saboda shafi na gaba yana nan a shirye yana jiran a taɓa, don haka sai kin yi da gangan kafin ki iya tsayawa.

Akwai wata dabara da na fi so a kan duk sauran, ita ce a raba hannu da kai. Wanda ya fito gaban allo hannu ne kawai, ba shi da izinin motsa komai sai abin da rukuninsa ko aji suka gaya masa, tare da dalili. Ta haka idan amsa ta kuskure, ta jama'a ce, babu mutum ɗaya da za a yi wa dariya, kuma yarinya irin taki tana iya jan ragamar aikin daga bencinta tun kafin ta yarda ta tashi. Ki haɗa wannan da ƙananan alluna, kowane yaro da nasa, ko da kwali ne aka lulluɓe da leda mai kauri ko sileti da alli. Ki sa tambaya a babban allo, kowa ya rubuta amsarsa a nasa, a ɗaga gaba ɗaya, sannan a zaɓi wanda zai fito. A nan ba baƙon abu muke arowa ba. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa a cinya, yana karatu daidai inda ya kai, ya wanke ya sake rubutu, kuma ba a taɓa jin an yi rububin allo guda ba. Ƙarin amfanin ƙananan allunan shi ne ranar da aka ɗauke wuta janareta kuma ya ƙi tashi, darasinki ba zai tsaya ba.

Sai ki dawo da aikin rukuni, ki sa allon ya zama ɗaya daga cikin wuraren aiki, rukuni guda na yara uku ko huɗu a gabansa yayin da sauran ke aiki a teburansu, ana juyawa. Neil Mercer da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge sun yi nazarin yaran firamare suna aikin kimiyya a gaban allon ta wannan hanya, kuma abin da suka jaddada shi ne allon yana taimaka wa yara su yi tunani tare idan an riga an koya musu ƙa'idojin magana, wato a tambayi ra'ayin kowa, a kawo dalili, a cimma matsaya kafin a taɓa komai. Idan babu ƙa'idojin, mai ƙarfin hali ne zai ƙwace alƙalamin. Ki zauna da ajin ku tsara naku ƙa'idojin da bakinsu, a rubuta a manna kusa da allon. Ke za ki raba rukunan, kuma ki warwatsa yaran nan shida, kada biyu su haɗu a wuri ɗaya.

Idan kina son abin da ya fi wannan ƙarfi, ga hanyar da Elliot Aronson ya ƙirƙiro a 1971 a birnin Austin na jihar Texas, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya gaba ta tashi a tsakaninsu. Ya raba darasi gunduwa-gunduwa, ya ba kowane ɗan rukuni gunduwa ɗaya da shi kaɗai ya san ta, alhali jarrabawa za ta taɓo duka. Yaron da ake yi wa ba'a sai ya zama ba a cin jarrabawa sai an saurare shi, masu ba'ar kuma suka ga cewa dariya asararsu ce. A darasin sassan tsiro, misali, ɗaya ya riƙe saiwa, ɗaya kara, ɗaya ganye, ɗaya fure, shafin da za su gina a allo ba zai cika ba sai kowa ya kawo nasa.

Su kuma yaran shida, kada ki mayar da su abokan gaba. Yara ne da suka sami abin da suka iya suka yi ɗoki, kuma wataƙila ba da saninki ba kin riƙa kiransu saboda suna sa darasi ya tafi sumul, har suka ɗauka su ne 'yan gaban goshi. Ki kira su ki faɗa musu ƙarara cewa kalmar 'yan ƙauye ba ta da wuri a ajinki, ki bayyana hukuncin da zai biyo bayan maimaita ta, ki kuma aiwatar a karon farko da aka maimaita. Bayan haka ki ba su aiki irin na gardi da ke biya wa ƙolo karatu: kowanne ya koya wa 'yan rukuninsa, da sharaɗin hannunsa na bayansa, da baki kawai zai yi bayani, kuma yabonsa yana zuwa ne ranar da wanda ya koya wa ya yi aikin shi kaɗai. Sai dai kada wannan ya zama sarauta ta dindindin. Aikin kunna allo da kashe shi da goge shi ya riƙa zagayawa mako-mako bisa jerin rajista, ya faɗa kan mata kamar yadda yake faɗawa kan maza. Ke ma ki riƙa barin kuskurenki ya fito a allon, ki ce kin ɓata, ki tambayi wanda zai nuna miki inda ake komawa baya, domin su ga babba ya yi kuskure a gaban jama'a bai mutu ba.

Mai makaranta kuwa kada ki je masa da maganar rage amfani da allo, domin abin da zai ji shi ne kuɗinsa sun tafi a banza. Ki fara tattara hujja tukuna. Ki ɗauki kwafin rajista, tsawon mako biyu ki riƙa sa alama a gaban sunan duk wanda ya taɓa allon, ba tare da kin canza yadda ake zaɓar mai fita ba a makon farko, sannan ki fara zaren sunaye a mako na biyu. Ki kai masa takardun biyu tare da hedimasta, ki nuna masa cewa iyayen yara 36 ne suka biya kuɗin makaranta, amma a makon farko 'ya'yan mutum nawa ne suka taɓa abin da aka saya. Daga nan ki nemi abu biyu: izinin kunna allon na minti 10 zuwa 15 a inda yake da amfani a cikin darasi maimakon daga farko har ƙarshe, da kuɗin sayen ƙananan alluna 36 da abin rubutunsu, wanda ba zai kai ko kusa da kuɗin babban ba. Idan ranar taron iyaye da malamai ta zo, ki roƙi a bar rukuni guda ya nuna aikinsa a allon, ki kuma zaɓi rukunin ta hanyar zaro suna daga gwangwanin a gaban iyayen.